Duwatsun Kabarin Kawu

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Kawu dai ya riga mu. Ya cika ran Talata da hantsi, ƙarshen bazara, kanshi bisa cinyar Inna, matar da sunka yi zaman shekara hamsin da ɗoriya. Ni ɗan ƙanwarshi ne. Na rubuta wagga takarda saboda ku ƴan uwa da kunka tafi Kurmi ci-rani ba ku dawo ba bana, don na san labari zai iske ku guntu-guntu, da kuma saboda yaran da za su taso su tarar da duwatsu jere bisa gangaren garinmu su zaci haka Allah Ya aje su. Hannuna ya fi sabawa da hauya bisa alƙalami, sai ku yi haƙuri. Amma ku karanta har ƙarshe. Abin da na gani a makokin nan ban taɓa ganin irinshi ba, kuma ni ba yaro ba ne.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika. Kowa da irin nashi baƙin ciki. Liman ya ce shekara talatin yana gaisawa da Kawu, kullum in ya riƙe hannunshi ji yake kamar kututture ya kama. Wata tsohuwa ta dawo daga rijiya, ta aje tulu, ta zauna ƙasa tana cewa, "To yau wa zai zage mu?" Kuma kuka take yi na gaske. Maƙwabcinshi na gona, wanda sunka taɓa shekara guda ba sa gaisawa saboda iyaka, ya ce, "Allah Ya gafarta mashi. Mutum ne mai wuyar zama. Amma in ba don shi ba da tuni mun bar garin nan." Babban ɗan Kawu, taubashina, tela ne a kasuwar Tawa. An aika mashi tun da ciwo ya tsananta, ya iso kwana uku kafin rasuwa, kuma shi ya ɗinka likkafanin da hannunshi. Mutumin da bai taɓa ganina ya ƙyale ba sai ya ce "ɗan mace, bawana," ran nan ko ido bai iya haɗawa da ni ba.

Wanda bai san garinmu ba, ko ya daɗe rabonshi da shi, bari in faɗa mashi yadda yake, in ba haka ba ba zai gane girman ɓarnar da munka yi ba. Sama da mu dabagi ne, tudu mai faɗi, dutse da tsakuwa, ba ya shan ruwa ko kaɗan. Ƙasa da mu fadama ce, can gonaki suke, can rijiya take. Tsakaninsu gangare, cikin gangaren kuma kwazazzabo. Duk ruwan da ya sauka bisa dabagi nan yake taruwa ya gangaro. Kawu ya ƙare rayuwarshi yana gitta ma ruwan nan jeren duwatsu, wani ƙasa da wani, tun daga sama har bakin fadama, goma sha ɗaya. Na can sama, inda hanyoyin ruwa uku ke haɗuwa, shi ne babba, ya kai ƙugun mutum. Uwar jere muke ce mata. In ta tsaya, sauran sun tsaya. In ta fashe, ruwa zai taho da ƙarfinshi duka, ya tunkuɗe na ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ya yanka gonar farko da ke bakin fadama, ya cika rijiya da yashi. Gonar farkon nan ta Inna ce, ba ta da wata. Makabartarmu kuwa tana bisa fako, taku kaɗan daga uwar jere.

Can munka kai Kawu, munka sa shi, munka rufe, anka yi addu'a. Saura duwatsu, don kun san kurayen dutsen nan, kabarin da ba a danne ba ba ya kwana biyu. Munka watsu nema. Babu! Wallahi babu ko ɗaya da ya fi dunƙulen hannu. Shekara sittin mutumin nan yana tsince gangaren, duk dutsen da mutum zai iya ɗagawa ya riga ya kai shi jere. Da can in an yi rasuwa, Kawu ne ke tura jakai sama su ɗauko tun ana wankan gawa. Ran nan ba wanda ya tuna, don mai tunawar ne kwance.

Rana ta yi zafi, jama'a sun gaji. Wani ya dubi uwar jere ya ce, "Ai nashi ne. Wa ya fi shi cancanta?" Kowa ya ce gaskiya ne. Har daɗi maganar ta yi mana, muna ganin girmamawa ce. Ba zan ɓoye ba, ni na ɗaga na farko, wani baƙi mai faɗi daga tsakiya, taubashina ya kama mani. Ni da na fi kowa sanin aikin da jeren nan yake yi. Munka zaɓi manya masu kyau, munka yi mashi kabari irin wanda ba a taɓa yi ma kowa ba. Munka bar giɓi a tsakiyar uwar jere wanda raƙuma biyu za su wuce kafaɗa da kafaɗa. Munka koma gida muna ganin mun yi abin kirki.

Washegari da safe na tafi gaida Inna. Tana ɗaki cikin takaba, asabari sake a ƙofa. Na durƙusa waje.

"Inna, ina kwana? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. An ce kun yi mashi kabari mai kyau."

"Mun yi, Inna."

"An ce duwatsu manya."

"Manya ƙwarai."

"Ina kunka samo su? Ni dai ban ji fitar jakai ba."

Sai a lokacin abin ya faɗo mani. Ta sake tambaya, na faɗa mata.

Tun ina yaro ban taɓa jin Inna ta ɗaga murya haka ba. "Kai! Da wani ne sai in ce bai sani ba. Kai da ka ci sanda bisa jeren nan? Juya ka dubi gabas!"

Na juya. Hadari ya fara tsayawa can ƙasa-ƙasa, fari tukuna, amma duk wanda ya yi noma ya san wanga ba ya wuce kwana biyu.

Ta ce, "Tsohon ya bar mani gona guda, ku kuma kun buɗe mata ƙofa. In ta tafi, gidan wa zan ci tuwo? Naka?"

Na ruga wurin liman na ce a mayar da duwatsun. Ya ce ba a taɓa kabari, abin da anka ɗora ma mamaci ya zama nashi, kuma in an kwashe wa zai yi ta gadin kura? Ya yi gaskiya. Taubashina ya ce a kira gayya. Na ce gayyar wa? Rabin samari suna Kurmi, jakan gari ba su kai a ƙirga ba, dutsen kirki sai can sama bisa dabagi, mu kuma muna zaman makoki, baƙi na ta zuwa, ba mu da halin tashi daga tabarma.

Na koma na faɗa ma Inna. Sai ta tambaye ni.

"Mutane na zuwa gaisuwa, ko?"

"Suna zuwa."

"Ta ina suke biyowa?"

"Yawancinsu ta dabagi. Na Takanamat da na Tebaram duk ta nan."

"To ka aika ko'ina. Ban son goro, ban son hatsi. Wanda zai zo gaisuwar mijina gobe, ya zo da dutse."

"Inna, mutane za su ce mun zautu."

"Shekara sittin ana ce mashi haka, bai mutu ba sai da kwananshi ya ƙare. Aika."

Na aika. Duk wanda ya zo gaisuwa ran nan, da zai koma sai in ɗora mashi saƙon, ina faɗi ina jin kunya. Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, bari in faɗi ko wane ne mutumin, don wasunku zaginshi kawai kuke tunawa.

Uwata ta ba ni labari. Suna ƙanana, gonar kakanmu ita ce a bakin fadama. Wata damina, gero ya kai gwiwa, anka yi ruwa da la'asar, kwazazzabo ya buɗe baki ya raba gonar biyu, ya tafi da rabi. Ta ce ta ga ubanta zaune a bakin ramin ya rufe fuska da riga. Shekarar nan gidajen dangi sunka bi kafin su kai kaka. Kawu saurayi ne a lokacin. Da rani ya yi, abokanshi sunka ɗaura kaya sunka nufi Kurmi, shi ya ce ba inda za shi. Sunka dawo da atamfa da lema da takalma masu ƙara, sunka tarar da shi hannu duk ya tsattsage, ya gitta tarin duwatsu cikin rami. Tun ran nan anka sa mashi mahaukacin dutse. Bai taɓa jin haushin sunan ba, in an kira amsawa yake.

In hadari ya haɗo, kowa gida yake gudu, shi fita yake. Ya yafa buzun akuya a ka, ya saɓa taikin ƙaiƙayi, ya hau gangare. Sai ya riƙa watsa ƙaiƙayin cikin ruwa mai gudu yana bin shi da ido. Inda ƙaiƙayi ya ruga, ya san nan ruwa ke da ƙarfi. Inda ya yi layi ya kwanta, sai ya aje farar tsakuwa, nan zai aza jere in rani ya zo. Ya dawo jiƙe sharkaf, haƙora na kaɗawa, yana murna kamar an yi mashi haihuwa. Inna ta hura wuta tana faɗa, "Wata rana tsawa za ta raba ni da wahalarka." Shi kuwa ya miƙa ƙafa bakin wuta yana ba ta labarin inda ruwa ya bi, kamar ta tambaye shi.

Ba ya tafiya hannu sake. Daga masallaci, daga kasuwar Tawa, daga ɗaurin aure, sai ka gan shi da dutse a kafaɗa ko bisa jaki. Matan gari kuwa sun sha zagi a kan sabara da geza da ke tsirowa bayan jere. In ya kama mace tana sara sai ya tsaya bisa dutse ya kira sunan mijinta da na ubanta, duk gari na ji. Washegari kuma sai ta tarar da ɗaurin itace busasshe a ƙofar gidanta, ya ɗauko daga sama, ba zai ce komai ba.

Ni ma na ci nawa. Ina sabon aure ya yanka mani gona a gindin jere na bakwai. Na ga ruwa na zurarewa ta tsakanin duwatsu, na ce wanga asara ce. Na kwaɓa laka na shafe jeren tas, na ƙara mashi tsawo, ina ji da kaina. Ya zo ya tsaya.

"Mi ke nan?"

"Toshewa na yi, Kawu. Ruwa na gudu."

"Wa ya ce maka kama ruwa nake yi? Ni ƙafa nake karya mashi. Ya zo da gudu, ya fita da rarrafe, ya aje mani ƙasar da ya sato daga sama. Kwashe lakar nan."

Na ce gonata ce. Ya zabga mani sandar jaki a gadon baya, ina da mata a ɗaki! Na rantse ban kwashewa, kuma ban kwashe ba. Ruwa ya zo, ya taru, ya rasa mafita, ya ture jeren gaba ɗaya, ya share rabin gerona. Wata uku ina canza hanya in na hango shi. Da kaka na dawo daga daji na tarar da dammuna cikin rumbuna waɗanda ban sa ba. Matata ta ce Kawu ya kawo bisa jaki da tsakar rana, ya ce kar a gaya ma wancan ɗaya jakin.

Da rani ya aiko kirana, munka tada jeren tare. Nan na koyi aikin, da zagi. Manya a ƙasa, a haƙa a binne gindinsu. Ƙanana da tsakuwa a gefen sama, inda ruwa ke tahowa. Ba laka. Tsakiya ta fi gefuna gajarta, don in ya cika ya tsallake ta nan, kar ya zagaya ya ci gefe. Ƙarƙashin tsakiyar kuma a shimfiɗa masu faɗi, don in ruwa ya faɗo ya faɗa bisa dutse, in ba haka ba zai haƙe gindin jeren ya kayar da shi ta baya. Na ji wagga magana ta fi sau ɗari.

Akwai wani Buzu mai raƙuma da ke saukowa daga arewa bayan kaka. Shekarar farko raƙumanshi sunka tunkuɗe kafaɗar uwar jere. Kawu ya bi shi da hauya, Buzu ya zare takobi rabi, da ƙyar anka raba. Badi Buzun ya dawo ya tarar an buɗe ma dabbobi hanya ta gefe, an jera mata duwatsu dama da hagu, ga ciyawa bayan jere inda da fako ne. Kawu ya ce mashi su ci, amma su kwana cikin gona su bar taki. Tun daga nan sunka ƙulla. Buzu na ce mashi amgar, wato dattijo, ya kawo mashi cuku, Kawu ya ba shi gero. Su zauna su sha shayi su yi ta gardama, wannan rabin Hausa, wancan ko kalma goma ta Buzanci bai da ita.

Bayan an samu mulkin kai, wani malamin gona ya zo daga Tawa, yaro ɗan lakwal, wato ɗan boko, shi da wani nasara, da abin awo mai ƙafa uku da ake leƙawa. Sunka yini suna awo suna kafa turaku inda ya kamata a yi sabon jere. Da sunka gama, malamin ya duba ƙasa ya ga turakunsu na bin wasu fararen tsakuwoyi da anka riga anka aje. Ya ce, "Baba, da mi kake awo?" Kawu ya ce, "Da ƙaiƙayi." Amma bai raina su ba. Ya roƙa a bar shi ya leƙa abin, ya leƙa, ya yi ta salati yana dariya, ya ce da yana da wanga da bai sha dukan ruwa haka ba.

To, ran Alhamis, ranar sadakar uku. Mun shimfiɗa tabarmi tun da safe, hadari ya ƙara baƙi. Ina cewa a raina in mutum goma sun kawo, an gode.

Sai wani ya ce, "Ku dubi dabagi!"

Jama'a! Mutane ne ke gangarowa layi guda kamar tururuwa. Mata da gammo a ka, inda ya kamata a ga ƙwarya sai dutse. Tsofaffi da sanda a hannu guda, dutse rungume a ɗaya. Mutanen Takanamat da jakai, mangala ta rinjaya har tana taɓa ƙasa. Na Tebaram sun taso tun asuba. Wani makaho ya zo da ɗan ƙarami cikin aljihu, ya ce iyakar ƙarfinshi ke nan, na karɓa da hannu biyu. Kowa ya iso sai ya sauke, ya durƙusa, ya ce "Ya haƙuri?" muna amsawa, tari na ƙaruwa. Maƙwabcin nan na rigimar iyaka sau uku yana hawa yana saukowa.

Can sai ga raƙuma shida. Buzun ne. A bakin wata rijiya ya ji labari, ya juyo da su. Ya durƙusar da su, ya sauke duwatsun da ko mutum biyu ba su ɗagawa, ya zo gabanmu. Sannan ya ce, "Amgar ya tafi. Ni na rushe mashi sau ɗaya. Yau gyara na zo." Bai gama ba munka ji ƙugin kamyo, babbar motar kaya. Malamin gona ne, ya samo mota a Tawa, ya tsaya bisa dabagi sun loda ta. Ta kasa sauka gangare, sai mutane sunka yi layi ana miƙo duwatsu hannu da hannu.

Liman ya yi addu'a, anka shafa, anka raba sadaka. Sai ya miƙe ya ce, "A naɗe tabarmi a kai su can. Gaisuwa a can, aiki a can." Makoki gaba ɗaya ya tashi ya koma bakin uwar jere.

Da munka isa sai kowa ya tsaya yana kallona. Taubashina ya tuɓe farar rigarshi ya ce, "Ɗan mace, kai ka ci sanda. Faɗa mana."

Na ce, "Tela, wanga ba allura ba ce, da hannu biyu ake kamawa. Ɗauko wancan."

Ya ce, "Lalle an samu mulkin kai. Yau bawana ke ba ni umurni gaban kabarin ubana."

Mutane sunka yi dariya, karo na farko tun Talata. Munka haƙa, munka binne manyan da Buzu ya kawo, munka ɗora, mata na zuba tsakuwa ta sama. Malamin gona ya cire takalma ya shiga rami, yana tambayata ina zai aje. Hannun tela ya yi bororo, ya fashe, ya yage hannun wandonshi ya ɗaure ya ci gaba. Da jeren ya kusa kai yadda yake, wasu sunka ce a ƙara ma tsakiya tsawo tunda ga duwatsu, wani har ya fara kwaɓa laka. Ban san lokacin da na hau bisa jeren ina ihu ba. "Wa ya ce maku kama ruwa muke yi? Kai mai laka, in ka matso sai na karya ka!" Tsohuwar nan ta bakin rijiya ta ce, "Alhamdu lillahi, an samu mai zagi."

Bayan azahar iska ta juya, ta taho da ƙamshin ƙasa. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Jere ya tashi, amma ba a yi shimfiɗar ƙasa ba, kuma duk tarin nan babu masu faɗi, don ba wanda ya gaya ma mutane irin wanda za su ɗauko. Masu faɗin suna bisa kabari. Na san in ruwa ya faɗo bisa ƙasa tsirara zai haƙe gindin, aikin yini ya tafi a banza. Na tsaya hannu bisa kai. Na aika a faɗa ma Inna halin da ake ciki, don kar ta ji a bakin wani.

Ba a daɗe ba sai ga mata biyu sun rungumo wani abu, suna nishi. Dutsen niƙan Inna ne, wanda ta zo da shi gidan aure. Sunka ce ta ce a sa shi a tsakiya. Matan gari sunka dubi juna, sai kawai sunka watse da gudu. Wagga ta fito da nata tsoho da ya lotse, waccan da na uwar mijinta, wata da wanda ake dafa ƙafa a kai wurin wanka. Munka kife su munka jera, munka cusa ƙanana tsakani. Ina danna na ƙarshe ɗigon farko ya faɗo mani a wuya.

Ba wanda ya gudu gida. Munka ja gefe, bakin makabarta, maza da mata, ruwa na dukanmu. Da farko ba komai sai ruwan sama. Can sai munka ji shi daga dabagi, kamar an koro garken shanu. Ya ɓullo ta hanyoyin nan uku, jajawur, da karare da kashin awaki a kanshi, ya haɗu, ya daki uwar jere. Na ji dukan a ƙirjina. Wani dutse daga sama ya mirgino ya faɗa. Na ce shi ke nan. Ruwa ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, ya cika bayan jere kamar tafki, ya fara tsattsafowa ta tsakanin duwatsu. Ya kai baki. Ya tsallako ta tsakiya, ya faɗa bisa duwatsun niƙa, ya baje, ya wuce a hankali.

Taubashina ya kama ni yana girgizawa. "Ta riƙe! Ɗan mace, ta riƙe! Ka ga wurin da na aza? Nan ya fi ƙarfi!"

Wata mata ta rangaɗa guɗa. Guɗa, a makoki, gaban makabarta! Kowa ya dubi liman. Liman ya ɗaga kai sama yana kabbara kamar bai ji ba, sai sauran matan sunka ɗauka. Rawanin Buzu ya kwance yana jan ƙasa, bai ko kula ba.

Ni kuwa na bi ruwan. Ni da gwiwa ke hana ni tsayuwar salla wani lokaci, na gangara da gudu ina santsi ina tashi. Na biyu ya riƙe. Na uku ya riƙe. Na bakwai, nawa, ya riƙe. Kowane jere ruwa ya iso ya tsaya, ya numfasa, ya wuce da ƙasa da ƙarfin da ya zo da shi. Da na kai na goma sha ɗaya, ruwan da ke fita bai kai idon sawu ba. Ya shiga gonar Inna ya kwanta shimfiɗe, ƙasa na sha ina gani. Na leƙa rijiya, yashi ko cikin tafi bai shiga ba. Na zauna cikin taɓo ina haki, ina dariya ni kaɗai kamar wawa.

Ruwa ya ɗauke kafin magariba. Inna ba ta da halin fita ta gani, sai na sake hawa, na sa ƙwarya na kwarfo lakar da ta kwanta bayan uwar jere, na kai mata. Na durƙusa na tura ta ƙarƙashin asabari. Na ji ta jawo. 

"Ja ce," ta ce. "Ta dabagi ce."

"Ta dabagi ce, Inna. Yatsa huɗu ta kwanta."

"Ta gonata fa?"

"Taki tana inda take. Ta sha ta ƙoshi."

Sai na ji tana kuka a hankali. Na zauna har ta gama. Ta fyace hanci ta ce, "Iri na cikin tulun da ke bayan rumbu. Ku fita da sassafe. Kuma kar ka bar tela ya yi saran shuka, layi zai karkace. Ba shi iri ya bi bayanka."

Ran Juma'a munka shuka.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya mashi ƙasar da yake kwance ciki, Ya yalwata mashi ita. Ya yafe mashi zagin da ya yi mana, don yawancinshi mun ci shi da hakki. Mu kuma Ya yafe mana abin da munka yi ma aikinshi tun ƙasar kabarinshi ba ta bushe ba.